Dukiyar Da Ba Ta Wari: Matasan Challawa Da Labarin 'Ya'yan Attajiri

Wata ranar Lahadi da yamma, bayan an tashi daga taron matasa a wata ikilisiya da ke tsakanin Panshekara da rukunin masana'antu na Challawa, muka tarar gardama ta kaure a gindin darbejiya. 'Yan mata shida ne da samari biyu, waya ɗaya a tsakiyarsu. Da fari mun zaci zancen ƙwallo ne, don har da tada jijiyar wuya. Da muka kasa kunne sai muka ji ashe a kan wasu 'yan'uwa huɗu ake yi, 'ya'yan wani attajiri da ya mutu ya bar wasiyya mai ɗaure kai. Wata ta ce babban ne ya cancanci yarinyar, tunda shi ya ɗauki nauyin gida. Wata ta ce ai babban nan dutse ne, na biyun ne mai zuciyar mutane. Aka yi ta yi har magariba. Duk cikin mutanen nan huɗu babu wanda ya taɓa shan ruwan duniya. A cikin littafi suke.

Bayan mako biyu mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan ya same mu. Ya daɗe yana aiki a ɗaya daga cikin majemun zamani na Challawa, wanda ya gaisa da shi zai ji shaidar aikin a tafin hannunsa. Ya ce, "Baba Fasto, ku yi musu magana daga kan bagade. Yarinyar nan ba ta barci. Kullum tana gidan wani Alhaji da babu shi, ni kuwa ko sannu da aiki sai na roƙa." Muka ce masa ba mu karanta ba, kuma ba daidai ba ne mu yanke wa littafi hukunci a bayan idonsa. Muka roƙi ya ba mu lokaci. Abin da ke biye shi ne abin da muka samu, kuma mun kawo shi nan ne domin kusan kowannenku zai gamu da irin uban nan a wurin hidimarsa.

Ƙashin bayan labarin

Littafin da ya jawo gardamar ba na takarda ba ne. Irin waɗanda marubuta, yawancinsu mata, ke saki shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad ne. A ba ka farkon kyauta, in ya kama ka sai ka biya 'yan ɗaruruwan naira a ci gaba da turo maka. Wanda karatu ke yi wa wuya ya saurara a YouTube, inda ake karanta su da murya. Ba za mu kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Mun karanta guda biyar, ƙashin bayansu ɗaya. Akwai makeken gida mai sassa da yawa. Akwai Alhaji mai kamfanoni, ko ya mutu ko yana kwance. Akwai 'ya'yansa maza: babba miskili wanda ba ya dariya, mai bi masa ɗan duniya, wani likita ko soja, sai auta mai barkwanci. Sannan a shigo da yarinya marainiya ko 'yar ƙauye, mai kyau da kaifin basira, a ajiye ta a tsakiyarsu. A ƙarƙashin duka akwai asiri: wa ya zuba wa Alhaji guba, jaririn wa aka musanya a asibiti, me ke cikin ɗakin da aka kulle shekara ashirin.

Ɗaya daga cikin samarin, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, ya ce mana ai akwai na Turanci da ya fi wannan, ya kuma ara mana. Shi ne The Inheritance Games na Jennifer Lynn Barnes, wanda ya fito a Amurka a 2020, aka biyo shi da The Hawthorne Legacy a 2021, The Final Gambit a 2022, da The Brothers Hawthorne a 2023. Wata 'yar makaranta matalauciya, Avery Grambs, ta wayi gari wani attajirin Texas da ba ta taɓa sani ba, Tobias Hawthorne, ya bar mata kusan dukan dukiyarsa, dala biliyan 46.2, bisa sharaɗin ta zauna shekara guda a gidansa tare da iyalin da ya hana gado. Cikinsu akwai jikokinsa huɗu, Nash, Grayson, Jameson da Xander, waɗanda tsohon ya rena da wasan wasa ƙwaƙwalwa da gasa. Gidan cike yake da ƙofofin ɓoye da saƙonnin da sai an warware. Masu karatu a can suka rabu gida biyu, 'yan Grayson da 'yan Jameson, daidai yadda yaranmu suka rabu a gindin darbejiya. Da yarinyar ta ƙare da Jameson, 'yan ɗaya ɓangaren suka yi ta ƙorafi kamar an yi musu maguɗin zaɓe.

Ba sai wani ya kwafi wani ba kafin a sami irin wannan kamanni. Yunwa iri ɗaya takan kai ga girki iri ɗaya. Ita Barnes ta san yunwar sarai, domin digirinta na uku a ilimin halayyar ɗan Adam ne daga Jami'ar Yale, ta kuma koyar a Jami'ar Oklahoma, inda ta yi bincike a kan dalilin da ke sa mutane shaƙuwa da mutanen cikin labari kamar sun san su. Marubutanmu na waya ba su je Yale ba, amma kowane dare masu karatu na gaya musu abin da suke so, wannan ma makaranta ce.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai jin Hausa ya lura da shi. Samarin Hawthorne uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa. A harshenmu 'yan'uwa ne na haƙiƙa, 'ya'yan uwa, kuma haka labarin ya nuna su: suna gasa, suna dambe, amma in abu ya taso daga waje sai su haɗe kai. Namu kuwa kusan kullum 'yan uba ne. Uba ɗaya, uwa kowa da tasa, kowace uwa na tura nata. Kalmar 'yan ubanci kaɗai ta ɗauki rabin labarin kafin marubuciya ta sa alƙalami. Shi ya sa asirin da ke cikin na Amurka wasa ne da tsoho ya shirya, na Hausa kuwa kishi ne da boka da guba. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa ɗan ɗakin can ya so ganin bayan ɗan ɗakin nan. Ya gani a unguwarsu, wani lokaci a gidansu, ko da abin da ake rigima a kai bai wuce ɗaki biyu da kangon baya ba.

Tsoron da muka gada

Koken mahaifin nan ba sabo ba ne a Kano. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu hali da ta so Muhammad talaka, wani mai kuɗi, Abdulƙadir, ya bi ta hannun manyan gida, ita kuwa ta faɗa rijiya. Littafin ya karɓu ƙwarai. Masu karatu suka riƙa aika wa marubutan wancan zamani wasiƙu, musamman 'yan ƙungiyar Raina Kama, suna yabo, suna gyara, suna neman shawara a kan nasu al'amarin. A ɗaya gefen kuma aka zargi littafin da koya wa 'yan mata bijirewa iyaye da faɗawa rijiya. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, Abdalla Uba Adamu ya tashi ya kare su, aka yi ta musayar rubutu a jaridu a shekarun 1990. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai.

Yau shekaru da dama ke nan, littattafan sun bar rumfar mai haya sun koma cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai niyyar hani ya sake tunani. Amma akwai abin da ya fi wannan damun mu. Tsoron da aka yi ta yi tun daga wancan lokaci tsoron kwaikwayo ne: yarinya za ta karanta ta aikata. An ɗauki mai karatu kamar tulu, abin da aka zuba shi zai fito. Wanda ya zauna ya saurari yaran nan minti goma ya san ba haka suke ba. Suna musu da marubuciya. Suna kama ta da kuskure, su ce a shafi na sha biyu ta ce auta yana Masar, yaya aka yi ya ga abin da ya faru a falo. Wata ta ce mana ta daina bin wani littafi don an mai da yarinyar sakarya a tsakiyar labari bayan an fara ta da wayo. Wannan ai nazari ne, irin wanda muke wahala mu koya wa ɗalibai a aji. Idonsu a buɗe yake. Abin tambaya shi ne inda idon yake kallo, da inda aka hana shi kallo.

Abin da ba a tambaya

Labarin asiri yana koya wa mai karatu zargi. Kowane murmushi a tuhume shi, kowace ƙofa a ƙwanƙwasa. Amma a cikin littattafai biyar ɗin nan akwai ƙofa ɗaya da ba wanda ya taɓa, marubuciya ko mai karatu: daga ina kuɗin suka fito? Ana ce mana Alhaji yana da kamfanoni a Dubai da Abuja. Babban ɗa yakan shiga ofis ya sa hannu a takardu, ya daka wa sakatariya tsawa, ya hau jirgi. Me kamfanin yake ƙerawa ko sayarwa, mutum nawa ke aiki a ciki, nawa ake biyansu, babu. An ƙidaya mana motoci, an faɗi sunan turare da na agogo, an bayyana kalar labule. Dukiyar kamar ruwan sama take, ta sauka kawai.

Abin ya fi ba da mamaki idan aka tuna inda masu karatun suke zaune. Challawa na cikin wuraren da ba a iya ɓoye yadda ake yin kuɗi. Tun kafin ka ga katangar majema hancinka ya gaya maka. Fatar awaki da ta tumaki na shigowa da gishiri, a jiƙa, a sa farar ƙasa da sinadarai a cire gashi, a jeme da sinadarin kuromiyam har ta yi shuɗi-shuɗi, a fitar da ita zuwa Italiya da Sifen inda za ta zama takalmi da jaka. Ruwan da ya rage ya bi magudana ya nufi kogin Challawa, na Sharaɗa ya bi ta rafin Salanta, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, manoman rani kuma na bakin ruwan suna ban ruwa. Yaran nan sun san wanda ke aikin dare. Sun san ma'anar a ce an rage ma'aikata don babu wuta kuma man dizal ya yi tsada. Kakanninsu da iyayensu sun ga yadda masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya a Bompai da Sharaɗa. Jakar da yarinyar cikin littafi ke ratayawa ranar da ta zama matar babban ɗa, ba mamaki fatarta ta bi ta hannun uban mai karatu. Littafin bai san da wannan ba, mai karatun kuma, da ta fi kowa sani, ta ajiye saninta a bakin ƙofa kafin ta shiga.

Za a ce ai dalilin karatun ke nan, mutum ya huta da warin. Mun yarda, kuma ba ma raina hutu. Wanda ya yini a tsaye yana da haƙƙin ya zauna a kujerar da ba tasa ba na awa guda. Sai dai adabin Hausa bai saba yin shiru a kan wannan tambaya ba, shi ya sa shirun ya zama abin lura. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, gaba ɗayansa bayanin wani attajiri ne a kan yadda ya sami dukiyarsa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, ya ɗauki attajiri ya buɗe cikinsa, aka ga fasa-ƙwauri da cin hanci. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta bi kuɗi har cikin tukunya: abin da ɗan kasuwa ke ba matarsa na cefane, abin da yake kashewa a waje, abincin da Rabi ta koma sayarwa don ta riƙe 'ya'yanta bayan ya kore ta, da gobarar da ta cinye shagonsa. Ita ma littafin kasuwa aka kira nata, ita ma 'yan mata ne suka fi karanta ta, amma ba ta ɓoye musu lissafi ba.

Ko hirar bakin titi a Kano ba ta yin wannan shiru. In an zo zancen gidan Dantata, kafin a ambaci 'ya'ya irin su Sanusi da Aminu sai an fara da mahaifinsu Alhassan, wanda ya rasu a 1955: Bebeji, fataucin goro ta hanyar Gwanja, sannan gyaɗa da dalarta. Mutanen gari suna ba da labarin dukiya da hanyar da ta biyo. Ku ma da kuke nazarin Farawa kun san marubucinta bai bar garken Yakubu ya faɗo daga sama ba. Ya ƙidaya mana shekara ashirin a gidan Laban, ya faɗi sau nawa aka sauya masa lada, bai kuma ɓoye dabarar da shi Yakubun ya yi ba. Tsohon labari na 'yan'uwa da gado ya san cewa ba a gane rigimar magada sai an san yadda aka tara abin da za a gada.

A nan dole mu yi wa Barnes adalci, domin ita ta buɗe ƙofar. A littafi na biyu an ga yadda kuɗin tsohon suka binne gaskiyar wata gobara da ta ci rayuka. A na uku an ga cewa ya fara hawa ne da yi wa ubangidansa wayo, an tono gawar da aka ɓoye shekaru a harabar gidan, an kuma gane cewa bai zaɓi Avery don tausayi ba, ya sa ta gaba ne ta zama garkuwa, kibiyar maƙiyinsa ta same ta maimakon jininsa. A ƙarshe yarinyar ta yanke shawarar rabar da mafi yawan dukiyar. To amma ga abin da ya koya mana darasi. Muka tambayi saurayin da ya ara mana littafin me ya gani game da gawar nan. Ya ɗan yi tunani, ya ce e, ya tuna, sannan ya koma kan cewa an zalunci Grayson. Marubuciyar ta shafe ɗaruruwan shafuka tana sa mu sha'awar ɗakunan karatu na gidan da jiragensa da tsibirinsa, ta zo a ƙarshe ta ce tushen ruɓaɓɓe ne. Sha'awar ta riga ta zauna. Ba a ciyar da mutum zuma kwana uku sannan a sa ran zai riƙe ɗacin maganin da aka ɗiga masa a cokali na ƙarshe. Wannan rauni ne a ginin littafin, ba laifin yaron kaɗai ba.

Miskili

Inda abin ya daina zama zancen adabi kawai shi ne a kan babban ɗan nan. A littattafan Hausa na waya sunansa miskili, kuma shi ne gwarzon masu karatu. Ba ya amsa gaisuwa. Yana kiran yarinyar ƙazama, 'yar ƙauye. A biyu daga cikin biyar da muka karanta ya mare ta, a ɗaya ya kulle ta a ɗaki. Sannan a shafi na tamanin a bayyana mana cewa tun ranar farko yake son ta, wani tsohon ciwo ne ya sa shi haka, ita kuma da haƙurinta ta warkar da shi. Grayson na Amurka bai kai nan ba, sanyi da girman kai ne nasa, amma dangin juna ne.

Muka yi wa 'yan matan wata 'yar jarrabawa. Muka ba su labarin wani saurayi lebura a majema, mai ɗaki ɗaya a Panshekara, wanda ba ya amsa gaisuwar budurwarsa, yana zaginta gaban mutane, ran nan har ya kai mata hannu. Muka ce me za su ce wa ƙawarsu in ita ce. Baki ɗaya suka ce ta gudu, mugu ne. Muka ce to ai halin babban ɗan Alhaji muka kwashe muka ba shi, ba mu ƙara ko ɗaya ba. Aka yi shiru. Can wata ta ce, "Baba, ai shi wancan yana da dalili." Muka ce shi leburan ba a tambaye shi nasa dalilin ba. Dariya suka yi, amma irin dariyar wanda aka taka wa ƙafa.

Kuɗin da ba a faɗi asalinsu ba suna yin aiki na biyu a labarin: suna wanke hali. Abin da ake kira mugunta a gidan haya ya zama miskilanci a gidan bene. Hausawa sun ce kuɗi masu gidan rana, littattafan nan kuwa sun ba su har da gidan gafara. Wannan ya fi rijiyar Sumayya haɗari, domin rijiya kowa na ganinta, kuma yarinya mai hankali ta san labari ne. Amma koyon fassara wulaƙanci da cewa so ne da ya ɓuya, wannan a hankali yake shiga, kuma ba ya bukatar saurayin ya mallaki jirgi. Ya isa a ce ya fi ta abin hannu kaɗan. Duk wanda ya zauna sasanta ma'aurata ya taɓa jin mace tana cewa ta ga alamun tun kafin aure, amma ta ɗauka za ta canza shi. Ba mu ce littafi ne ya haifi wannan tunani ba, ya girme wa waya nesa. Littafin dai yana shayar da shi kowane dare, da daɗin baki.

Duk da haka kada mu tafi da rabin gaskiya. Akwai mai karatu ɗaya da ya ba mu kunya. Shi ne saurayi na biyu, wanda bai ce komai ba ranar gardamar. Daga baya ya ce mana shi ba yarinyar yake bi ba, uban yake kallo. Ya ce abin da ya gane a littafin Hausan da na Turancin duka shi ne tsohon ne ya haɗa yaran faɗa, yana yaba wannan gaban wancan, yana auna su kamar awaki a kasuwa, har ya mutu bai daina juya su ba. Ya ce haka kakansa ya yi wa mahaifinsa da baffansa a kan gona, yau shekara tara ba sa gaisawa. A littafi ya fara samun kalmomin da zai faɗi abin da ya gani a gida. Da mun hau bagade mun haramta, da mun ƙwace masa wannan. Kada kuma a manta cewa yawancin yaran nan a makaranta Turanci ake koya musu, Hausarsu ta baka ce. Littattafan nan, duk da rubutunsu cike yake da kurakurai da Turancin da ba a bukata, su ne suka sa da yawa daga cikinsu karanta dogon rubutun Hausa da son ransu. Mai hidimar da zai miƙa musu wani littafin Hausa gobe yana cin moriyar wannan, ko ya sani ko bai sani ba. Ga kuma wani abu: yawancin marubutan Musulmi ne, gidajen cikin labarin ma haka, 'ya'yanmu kuma na shiga suna fita cikinsu kullum suna tausaya wa mutanen ciki. A garin da aka sha zubar da jini a kan addini, ba za mu yi saurin rufe wannan taga ba.

Saboda haka shawararmu ga mai hidima ba ta da tsawo. Ka karanta ko da guda ɗaya har ƙarshe kafin ka buɗe baki, domin matasa na gane wanda bai karanta ba tun daga jimlarsa ta farko. In ka zauna da su, kada ka tambaye su ko littafin na da kyau, za su ba ka amsar da suka san kana so. Ka shiga gardamar yadda take, ka zaɓi naka ɗan'uwan in ka ga dama, sannan ka jefa tambayar da labarin ya tsallake. Mutum nawa ke share gidan nan? Wa ya biya kuɗin motar? In da talaka ne ya yi mata haka fa? Sun riga sun iya bin sawun asiri, littattafan sun koya musu. Abin da ya rage a nuna musu cewa akwai sawun da ya fita ta ƙofar gidan ya bi titi har bakin masana'anta.

Mahaifin nan ya dawo bayan wata guda. Mun ba shi shawara tun farko ya sa 'yar ta riƙa karanta masa shafi ɗaya in ya dawo aiki, maimakon ya ƙwace wayar. Ya ce daren farko ya tsayar da ita ya tambaya, shi wannan Alhaji wace sana'a yake yi? Ta yi ta jan shafuka sama da ƙasa ba ta samu ba, har ta fusata ta ce ai ba shi ne labarin ba. Ya ce ya yi dariya har matarsa ta leƙo. Muka ce to yanzu ya daina saurare ke nan? Ya sosa ƙeya, ya ce a'a, sun kai shafi na arba'in da uku, yana so ya ga wanda ya zuba gubar. Muka tambaye shi cikin 'yan'uwan huɗu wa yake goyon baya. Ya ce babu ko ɗaya. Shi direban gidan yake bi, wanda aka tasa da tsakar dare ya kai babban ɗa filin jirgi, aka bar shi a mota har asuba. Sau biyu ya fito a labarin, kuma har yanzu marubuciyar ba ta ba shi suna ba.